Abubuwan da Ke Hana Mu Rage Ƙiba, da Yadda Za Mu Shawo Kansu

(Jawabin da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar a taron dattawa da shugabannin zumunta. Mun buga shi domin 'yan'uwa da ba su samu zuwa ba.)

 

An ce in yi magana a kan ƙiba. Na san wani zai ce a ransa, yanzu da mutane ke fama da abin da za su sa a tukunya, wa ke zancen rage ƙiba? Gaskiya ne akwai yunwa a cikinmu, kuma zan dawo kan wannan. Amma ina roƙo ku tuna da sunayen marasa lafiya da ake karanta mana ranar Lahadi, da gidajen da muke zuwa dubiya. Wannan hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Waccan ciwon suga ne ya ci mata ƙafa. Ga uwarmu da ta daina zuwa sujada domin gwiwa ba ta barinta ta hau matakala uku. Ba dukan waɗannan ba ne ƙiba ta jawo, amma a cikin da yawa tana da hannu. Ikkilisiyoyinmu kuwa ƙanana ne. In dattijo ɗaya ya kwanta, ko mace ɗaya mai riƙe da zumunta, kowa yana ji a jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai tsanani, kuma a wajen manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Da muna cewa ciwon Turawa ne. Yanzu yana cikin gidajenmu.

Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne wannan: yawancin waɗanda suka gwada rage ƙiba suka kasa ba ragwaye ba ne, ba kuma masu haɗama ba ne. Akwai abubuwan da ke tare musu hanya, wasu a bakin mutane, wasu a tukunya, wasu a tarukanmu, wasu a cikin jikin da kansa. In mun san su, za mu iya kawar da su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda za ka san inda kake

A asibiti muna auna nauyin mutum da kilo, mu raba da tsawonsa a mita, mu sake rabawa da tsawon. A ce mace mai kilo 80, tsawonta mita 1.6. In an yi lissafin za a sami 31. Daga 25 zuwa sama nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da ke bukatar a tashi tsaye.

Ga wata hanya da ba ta bukatar lissafi. Ka sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka daga tsakar ka zuwa diddige, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, cikinka ya wuce rabin tsawonka, kuma kitsen ya yi yawa. Kitsen tumbi ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari, gama shi ne ke kewaye hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata. Iyayena maza, wannan naku ne musamman. Mutum na iya zama mai siraran hannuwa da ƙafafu, tumbinsa kuwa yana gaba da shi.

Cikas na farko: bakin mutane

A wurinmu ƙiba alamar jin daɗi ce. Amarya ta yi wata shida a ɗakinta, in ta cika sai a ce mijin ya iya kiwo. In ba ta cika ba, dangi su fara tambaya ko lafiya. Namiji ya yi tumbi, a ce kuɗi sun zauna. Haka kuma tun shekarun da cutar ƙanjamau ta yi ɓarna a cikinmu, duk wanda aka ga ya ragu sai a fara raɗa a bayansa. Saboda wannan, mace za ta sha wahala ta rage kilo huɗu, ta zo sujada, mutum biyar su tare ta da "Me ya same ki? Kin rame!" Kafin sati biyu ta koma yadda take ci.

Maganin wannan shi ne a faɗa tun da wuri. Ka gaya wa matarka, ki gaya wa mijinki da uwar mijinki cewa a asibiti aka ce a rage saboda hawan jini ko suga. In sun sani, su ne za su tare miki masu tambaya. Mu kuma sauran, mu gyara gaisuwarmu. Mu daina auna zaman lafiyar gida da kumatun matar gidan. Mu kuma daina yi wa mai ƙiba ba'a da sunaye, ko da wasa. Ban taɓa ganin wanda gori ya sa ya rage ba. Abin da gori ke yi shi ne ya hana mutum zuwa asibiti, ya sa shi ci a ɓoye.

Cikas na biyu: gaggawa

Wani yana so abin da ya tara cikin shekara goma ya zube cikin wata ɗaya. Sai ya daina karyawa, ya daina cin rana, ya wuni da ruwan zafi da lemun tsami. Kwana huɗu, biyar, jiri ya fara ɗibarsa, dare ya yi ya cinye abincin mutum biyu, ya ce shi dai ba zai iya ba.

Ba sai ka koma yadda kake ranar aurenka ba kafin ka sami amfani. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka ya isa ya sauko da hawan jini da suga. Ga mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan. A Amurka an yi wani babban bincike da aka buga a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. An ce wa kashi ɗaya daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a sati. A cikinsu kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin kuwa, da kashi 31 ya ragu. Kun ga tafiya da gyaran abinci sun fi ƙwaya aiki.

Saboda haka ka sa wa kanka rabin kilo a sati, ko kilo biyu a wata. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Ka ci abinci a kan lokaci, ka rage yawansa, kada ka tsallake. Batun azumi kuma, wanda ke shan maganin suga, musamman mai allurar insulin, kada ya shiga azumi sai ya yi shawara da likitansa, gama suga na iya faɗuwa har mutum ya suma. Mai lafiya da ya yi azumi kuma, in ya sha ruwa da lemun kwalba da ƙosai da tuwo malmala uku, kada ya yi mamaki in ma'auni bai motsa ba.

Cikas na uku: abin da ba mu lissafa shi cikin abinci

Sau da yawa mutum zai ce mini, "Ni fa ba na cin abinci da yawa." Kuma gaskiya yake faɗa. In ka bi diddigi sai ka tarar abin yana cikin kofi da kwalba.

Lemun kwalba mai santilita 35 yana ɗauke da suga wajen giram 35, kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawara kada sugan da babba ke ƙarawa a rana ya wuce wajen cokalin shayi 12, in ya tsaya a shida ma ya fi. Kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Lemun malt da muke kai wa marasa lafiya da masu jego a kan yana ƙara jini, shi ma cike yake da suga. Ga shayin safe da madarar gwangwani da suga cokali huɗu. Ga zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, waɗanda in ba su yi zaƙi ba ba mai saye. Abin sha ba ya ƙosar da mutum kamar abin taunawa, shi ya sa za ka sha kwalba biyu ka kuma ci abincinka cif. Giya da burkutu ma haka suke, ban da sauran ɓarnarsu.

Na biyu shi ne mai. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da ake kira kalori. Giram ɗaya na tuwo ko suga, in an cire ruwan da ke ciki, kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, kuma kwalbar mai ta santilita 75 tana da irin wannan cokali 50. Iyayena mata, ku lura kwana nawa kwalba ke yi a gidanku. In tana yin kwana biyar, ku ja ta ta yi kwana takwas ko goma. Ku auna da cokali, ku daina tuttulawa daga kwalba. Miyar da mai ke iyo a kanta ba ita ce ta fi daɗi ba, daddawa da kayan ƙamshi ne ke ba miya ɗanɗano. Wannan gyara yana rage kitse, yana kuma rage kuɗin cefane.

In mutum bai iya komai ba, ya fara da waɗannan biyu: ya mai da ruwa abin shansa, ya rage mai. Sugan shayi kuma a rage cokali ɗaya kowane sati, harshe zai saba.

Cikas na huɗu: "abincin masu rage ƙiba na masu kuɗi ne"

Mutane suna tsammani sai an sayi tufa da kayan gwangwani daga babban kanti. Abin da iyayenmu suka ci a ƙauye ya ishe mu: dawa, gero, acca, wake, gyaɗa kaɗan, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuka, kuɓewa, kabewa, gauta, ƙananan kifi busassu. Abin da ya canja shi ne mun koma kan farar shinkafa, burodi, taliyar leda da masarar da aka surfe har ba sauran dusa. Irin wannan abinci yana saurin narkewa, suga ya hau da sauri, yunwa ta dawo da wuri. Wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba suna daɗewa a ciki.

Ga ma'auni mai sauƙi. Ka raba farantinka gida huɗu. Gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, gida ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya. Malmalar tuwo ta zama kamar dunƙulen hannunka. A da tuwo ne mai yawa miya kaɗan, yanzu a juya. Fate ko gwate mai ganye da yawa, kwaɗon zogale, dafaffen wake da alayyafo, duk abinci ne mai kyau ga mai son ragewa. Sai dai ku sani, acca ma in an cika kwano da ita ƙiba za ta sa. Na faɗi haka domin masu suga da yawa sun ɗauka tunda acca ce, ko nawa aka ci ba laifi.

Akwai kuma halin cinmu. Inda ake ci a kwano ɗaya, ba wanda ya san iyakar abin da ya ci. Mai son ragewa ya ɗebi nasa a faranti, in ya ƙare ya wanke hannu. Uwa kuma tana ɗanɗana a tukunya, ta ci nata, ta share ragowar yara domin kada a yi asara. A rufe ragowar, gobe a ɗumama. A kuma ci a hankali, gama ciki yana ɗaukar wajen minti ashirin kafin ya sanar da mutum ya ƙoshi.

Cikas na biyar: tarukanmu

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ku yi mini haƙuri. Ku lissafa: ɗaurin aure, suna, godiya, gaisuwar mutuwa, taron kwamiti, taron zumunta, Kirsimeti, sabuwar shekara, Ista. A kowanne akwai shinkafa mai maiƙo, soyayyen nama, cincin, fanke da akwatunan lemu. Fasto ko dattijo da ya ziyarci gida huɗu a yini, kwalba huɗu za a ajiye masa, kuma kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba. Mun ɗauka karramawa ce, alhali muna ɗora wa shugabanninmu ciwo.

Kada mu daina ciyar da baƙo, wannan halinmu ne mai kyau. A canja abin da ake kawowa. A fara ajiye ruwa mai sanyi. A kawo lemun zaƙi, gwanda, kankana, gwaiba ko dafaffiyar gyaɗa gwargwadon lokacinsu. In za a yi zoɓo, a ware wani marar suga. Mai masauki ya daina cewa "sai ka cinye". Baƙo kuma yana iya cewa, "Na gode Mama, an hana ni zaƙi, a ba ni ruwa," ko ya karɓa ya kai wa yara gida. Kafin ka tafi biki ka ɗan ci wani abu a gida, domin mai jin yunwa ba ya zaɓe. In kuma ranar Kirsimeti ka zarce, ba a nan ta ƙare ba. Yini ɗaya ba ya ɓata aikin wata uku. Abin da ke ɓatawa shi ne ka ce tunda na karya, bari sai bayan sabuwar shekara.

Cikas na shida: zama

Iyayenmu sun yi noma, daka, ɗiban ruwa da tafiyar kasuwa da ƙafa. Mu da muka shigo gari, ko layi biyu za mu je sai mun hau acaɓa ko keke mai ƙafa uku. Ma'aikacin ofis, mai shago, tela da direba suna wuni a zaune, amma cinsu na manomi ne.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya yi aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In minti 30 ya yi yawa, a raba shi goma goma. Ka sauka daga mota kafin ka kai, ka ƙarasa da ƙafa. Bayan cin abincin dare ka zagaya tsakar gida na minti goma, wannan yana taimakon suga ƙwarai.

Wasu za su ce gwiwa. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwar a kowane taku yana raguwa da wajen kilo huɗu. Ka fara da abin da za ka iya: ka zauna a kujera ka tashi sau goma, ka miƙe ƙafa ka riƙe, ka yi tafiyar minti biyar. Wasu kuma za su ce unguwarsu ba ta fita da asuba ko da yamma saboda rashin tsaro, ko mace tana jin kunyar a gan ta tana zagaye a titi. Ga harabar majami'a nan. Mata biyar ko shida su haɗu kafin koyon waƙa ko bayan taron zumunta su zagaya tare.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Tafiyar minti 30 kusan kwalbar lemu ɗaya kawai take ƙonawa. Motsa jiki yana gyara zuciya, hawan jini da suga, yana kuma hana ƙibar dawowa. Ragewar kanta kuwa mafi yawa daga faranti take.

Cikas na bakwai: rashin barci da damuwa

A Jami'ar Shikago an gwada samari a wani bincike da aka buga a 2004. An bar su barcin awa huɗu kawai dare biyu a jere. Sinadarin da ke tayar da yunwa ya hau a jininsu, mai sanar da ƙoshi ya sauka, suka kuma fi sha'awar zaƙi da abinci mai nauyi. Babba yana bukatar awa bakwai ko fiye. Mai aikin dare, da mai kwana a kan waya, su lura. Wanda kuma yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ya wuni yana gyangyaɗi, ya gaya wa likita, gama wannan ciwo ne da ke tafiya da ƙiba da hawan jini.

Damuwa ma tana sa ci. Gwauruwa da aka bari da yara, uba da kuɗin makaranta ya sha masa kai, wanda aka kora daga gonarsa yana zaman haya a gari, wani cikinsu abinci ba ya shiga, wani kuwa a abinci yake samun sauƙi. Irin wannan mutum ba jerin dokokin abinci yake bukata da fari ba. Yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi. Dattawa, wannan aikinku ne da kuka riga kuka iya.

Cikas na takwas: jiki da kansa yana ja da baya

Wannan ne ke karya wa mutane zuciya. Wata na farko da na biyu kilo yana sauka, a na huɗu ko na shida ma'auni ya tsaya cik. Dalili shi ne jiki bai san kana gyara ba ne, ya ɗauka fari aka shiga. Sai ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara maka yunwa. A birnin Melbon na Ostireliya an bi mutanen da suka rage nauyi, aka buga sakamakon a 2011: bayan shekara guda cur, sinadaran yunwa a jininsu ba su koma yadda suke a da ba.

Saboda haka tsayawar ma'auni ba alamar ka kasa ba ce. In ka rage kilo biyar ka riƙe shi shekara biyu, ka yi babban aiki. Ka hau ma'auni sau ɗaya a sati, da safe, a ma'auni ɗaya. In kilo biyu ya dawo, ka gyara nan da nan tun bai zama goma ba. Kuma ka zaɓi irin cin da za ka iya rayuwa da shi har tsufa, gama duk tsarin da aka yi domin wata ɗaya, ƙibar tana jira a ƙarshen watan.

Cikas na tara: magunguna

Akwai magungunan da ke sa ƙiba: insulin da wasu ƙwayoyin suga, wasu magungunan taɓin hankali da farfaɗiya, allurar tazarar haihuwa ta wata uku a jikin wasu mata, da irin su firedinisolon da deksametazon. Kada ka daina maganin da likita ya rubuta da kanka. Ka koma ka gaya masa, sau da yawa akwai wanda za a musanya. Akwai kuma ciwon da ke sa ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod ya rage aiki, mutum ya yi ta kumbura da kasala da jin sanyi. Gwajin jini ne ke nuna shi, kuma yana da magani.

Iyaye, ku sa ido a kan 'yan matanmu da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sha kafin aure domin a cika. Da yawansu deksametazon ne. Yana kumbura fuska da ciki, ya kawo suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ta zo asibiti a janye mata a hankali.

A ɗaya gefen ga masu tallar shayin rage tumbi. Mafi yawansu maganin zawo ne irin filasko, ko mai sa fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. An sha samun wani sinadari mai suna sibutiramin a ɓoye cikin irin waɗannan kaya, alhali an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Akwai sababbin allurai na gaskiya, irin semagulutayid, da a gwajin da aka buga a 2021 suka rage wa mutane wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Amma suna da tsada, sai da kulawar likita, in an daina yawancin nauyin yana dawowa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai jabunsu. Kada a saya a hannun ɗan talla.

Gargaɗi kafin in zauna

Na ce zan dawo kan yunwa. A gida ɗaya ana iya samun uwa mai ƙiba da yaro mai tamowa. Abin da na faɗa yau na manya ne masu nauyin da ya wuce kima. Kada a rage wa yara ƙanana abinci, kada mai ciki ta shiga rage nauyi, kada tsoho mai rauni ya ƙuntata wa kansa. In kuma mutum yana ramewa ba tare da ya nema ba, musamman da yawan ƙishi da fitsari, ko tari, ko zazzaɓin dare, wannan ba abin murna ba ne, ya je asibiti da wuri.

Abin da nake roƙon ikkilisiya

Abu uku ne, kuma ba mai tsada a ciki. Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta sayi ma'aunin nauyi, tef na tela da na'urar awon jini, a sa ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su auna masu so sau ɗaya a wata bayan sujada, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Wanda jininsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a tura shi asibiti. Na biyu, kwamitin abinci ya yanke shawara cewa a kowane taro za a sami ruwa da 'ya'yan itace, a rage akwatunan lemu. Na uku, duk mai son ragewa ya sami abokin tafiya guda, wanda zai tambaye shi kowane sati yaya ake ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma ɗan'uwana, ke 'yar'uwata, kada ku ɗauki tara ɗin nan gaba ɗaya. Yau in kun koma gida ku nemi igiya ku gwada. Sa'an nan ku zaɓi abu ɗaya, ko lemu, ko mai, ko tafiyar yamma, ku riƙe shi wata guda kafin ku ƙara na biyu. In muka sake haɗuwa a taro mai zuwa, zan zo da ma'aunina.